Yadda ake zaɓen kayan gina ganuwa a wasan RimWorld

A wasan RimWorld, wanda kamfanin Ludeon Studios ya fitar da cikakkensa a 2018, ana damƙa maka 'yan tsirarun mutane a wata duniya mai nisa, a ce ka raya su. Ba a daɗewa mahara suke fara leƙowa, da farko mutum ɗaya da wuƙa, daga baya gungu-gungu da bindigogi da gurneti. Dole ka yi ganuwa. Sai dai wasan ba ya ba ka katanga iri ɗaya. Katangar da kake gani a jerin gine-gine ana iya yin ta da katako, ko ƙarfe, ko dutse iri biyar (giranit, laimiston, sanston, silet da mabul), ko filastil, wani ƙarfe mai ƙarko da tsada na cikin wasan, ko yuraniyom, har da azurfa da zinariya ga wanda ya ga dama. Gurbi ɗaya na katanga, wato murabba'i ɗaya na filin wasan, galibi yana cin kaya guda 5, amma abin da za ka samu ya bambanta ƙwarai.

Yawancin sababbin 'yan wasa abu ɗaya suke dubawa, wato wanne ya fi ƙarfi. Ni kuwa a ganina ƙarfi shi ne tambaya ta ƙarshe. Kafin shi akwai wuta, akwai lokacin da magininka zai ɓata, akwai abin da za ka rasa a wani wuri idan ka zuba kayan a katanga, sannan akwai yadda kayan za su kumbura dukiyarka su jawo maka manyan hare-hare. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Mataki na farko: ka zaɓi kayan tun kafin ka sauka

Zaɓen kayan gini yana farawa ne a taswirar duniya, lokacin da kake neman wurin zama. Idan ka taɓa wani yanki, bayaninsa zai nuna maka irin duwatsun da ke wurin, galibi iri biyu ko uku, da kuma yanayin ƙasar: shimfiɗaɗɗiya ce, ko mai ƙananan tuddai, ko manyan tuddai, ko tsauni. Kada ka wuce wannan bayani da gudu. In ka ga giranit ko laimiston a jerin, ganuwarka ta samu. In mabul da silet kaɗai ka gani, za a iya zama, amma ka san katangarka za ta fi rauni, sai ka shirya ninka ta.

Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana da daɗin noma da gini, amma dutse da ƙarfe sun yi ƙaranci a cikinta, kuma ta kowane ɓangare a buɗe kake. Wurin da ke da manyan tuddai ya fi sauƙi ga mai koyo, domin tsaunin da kansa zai tsare maka gefe ɗaya ko biyu, ka rage tsawon abin da za ka gina. Haka kuma ka lura da itatuwa. A hamada ko ƙasar ƙanƙara katako ba ya samuwa yadda ake so, don haka shawarar da ke tafe ta fara gini da katako ba za ta yi maka aiki sosai ba, sai ka gaggauta komawa ga dutse.

Mataki na biyu: ka san lambobin

Kowane gini yana da makin ƙarko, wato yawan dukan da zai sha kafin ya rushe. Na katanga, ga yadda suke a asalin wasan ba tare da wani ƙari na 'yan gyara ba, wato sauye-sauyen da wasu 'yan wasa ke ƙirƙira su ɗora a kan wasan: katako 195, ƙarfe 300, mabul 360, silet 390, sanston 420, laimiston 465, giranit 510, yuraniyom 750, filastil 840. Azurfa da zinariya da jed (wani koren dutsen ado) duk suna ƙasa da ƙarfe, kuma azurfa da zinariya sai an zuba guda 50 a gurbi ɗaya. Waɗannan na ado ne, ka cire su daga lissafin tsaro gaba ɗaya.

Lamba ta biyu ita ce cin wuta. Katako kashi 100 cikin 100. Dutse kowane iri sifili. Yuraniyom da filastil ba sa kamawa. Ƙarfe kuwa, kuma nan ne mutane da yawa suke shan mamaki, yana da kashi 40. A wannan wasa katangar ƙarfe tana cin wuta. Hankali ba ya ɗauka, amma haka dokar wasan take, kuma a kanta za ka yi shiri.

Lamba ta uku aikin gini. Katangar giranit tana ɗaukar kusan ninki goma na lokacin da ta katako take ɗauka, ban da aikin sassaƙa bulon. Sanston ya fi sauran duwatsu saurin ginuwa. Duk waɗannan za ka iya gani da idonka: ka zaɓi katanga a jerin gine-gine, ka zaɓi kayan, ka danna alamar bayani. Idan kana amfani da ƙare-ƙaren 'yan gyara, lallai ka duba, domin wasu suna canja lambobin.

Mataki na uku: kwanakin farko, katako ba laifi ba ne

A kwanakin farko abin da ka fi rasa shi ne hannu. Mutum uku ne, ga noma, ga girki, ga farauta, ga wurin kwana. Idan ka ce sai da dutse za ka fara, dare zai yi ta riskar mutanenka a fili, ransu ya ɓaci, ba ɗaki ba ganuwa. Ka sare itace ka yi ɗakin kwana da ɗakin ajiya da katako, ka kuma kafa 'yar gajeriyar katanga a inda kake tsammanin za a tsaya a yi harbi. Harin farko ƙarami ne, katako ya ishe shi.

Amma ka ɗauki wannan ginin a matsayin na aro. Abin da ke halaka mutane shi ne sabo: katakon ya yi aiki wata ɗaya, ya yi wata biyu, sai a ci gaba da faɗaɗa gari da shi, har ranar da tsawa ta faɗo ba tare da ruwan sama ba, ko batir ya yi tartsatsi, ko wani mahari ya jefo bam ɗin kwalba. Wuta tana bin katangar katako gurbi bayan gurbi, kuma tunda ɗakunan a manne suke, ta kama ɗaya ta kama duka. Idan dole ne ka zauna da katako na wani lokaci, ka raba gine-ginen, ka bar fili tsakaninsu, kada ɗakin batir da murhu su haɗa bango da ɗakin kwana ko ma'ajiyar magani.

Kafin ka ci gaba, ka zaga taswirar ka duba kangwaye. Tsofaffin katangun da ke warwatse ana iya kwance su a sami bulon dutse ko ƙarfe ba tare da sassaƙa ba, wani lokacin ma kangon da kansa ya isa a toshe ɓarakarsa a mayar da shi ɗaki. Tarkacen jirgin sama da ke faɗowa yana ba da ƙarfe da sassan inji. Gini ɗaya ne kada ka taɓa: rufaffen ɗakin nan da wasan yake gargaɗinka a kansa da zarar mutuminka ya matso kusa. Abin da ke ciki ya fi ƙarfinka a farkon wasa.

Mataki na huɗu: ka kafa sana'ar sassaƙar dutse

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne ya kamata ka fi zuba hankali, domin ganuwar dutse ba ta rasa komai sai bulo. Idan da ƙabila ka fara wasa, sai ka yi binciken sassaƙar dutse tukuna, kuma ina ba ka shawara ka sa shi a sahun farko na bincikenka. Da ya samu, ka gina teburin sassaƙa.

Curin dutse ɗaya, irin waɗanda ke zube a fili, yana ba da bulo 20. Wato curi ɗaya gurbi huɗu na katanga ke nan. Yi lissafi kafin ka zana komai. A ce garinka gurbi 40 ne a tsaye, 40 a kwance. Kewayensa ya kusan gurbi 160, bulo 800, curi 40. In za ka ninka katangar, curi 80 da 'yan kai. Wannan lissafi shi zai gaya maka ko ka rage faɗin abin da kake son kewayewa, ko ka jingina da tsauni. Mutane sukan zana ganuwa mai faɗi su haɗa da gonaki da makiyaya da komai, sai a wayi gari rabin layin yana tsaye, rabi zane ne kawai, maharan kuma su bi ta inda babu.

Wurin da ka ajiye teburin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Curin dutse yana da nauyi, guda ɗaya ake ɗauka a tafiya. Idan teburin yana nesa da curin, mai sassaƙa zai ƙare yininsa a hanya. Ka shata wurin zubar da curi dab da teburin, ka saita shi ya karɓi curin dutse kawai, sannan ka yi wa curin da ke fili alamar a kwaso su, domin mutanenka ba sa ɗaukarsu sai an umarce su. A ɗaya gefen teburin ka shata ƙaramin wurin ajiye bulo. Curi da bulo ba sa lalacewa a rana ko ruwa, ƙarfe ma haka, don haka ba sa buƙatar rufi. Katako da sassan inji su ne ke lalacewa a waje. Teburin kansa kuwa ka sa shi a cikin ɗaki mai haske, domin aiki a fili ko a duhu yana rage sauri.

A kan teburin, kada ka bar umarnin ya zama a sassaƙa kowane dutse. Ka buɗe umarni na musamman ga dutsen da kake so na ganuwa, ka saita shi a kan a ci gaba har sai an tara adadi kaza, misali 300, ka ɗora shi a sama. In ba haka ba za ka tarar an cika maka ma'aji da bulo iri uku, kowanne bai isa ya gama layi ɗaya ba. Sassaƙa ba ta buƙatar gwaninta, don haka ka ba wa mutumin da bai iya komai sosai ba, wanda ba likita ba, ba manomi ba. Gini kuwa ka bar wa wanda ya fi kowa iyawa, domin magini mara gwaninta yakan ɓata aiki, kayan su salwanta.

In curin fili ya ƙare, haƙar tsauni tana fitar da wasu, daga baya kuma injin haƙa mai zurfi zai riƙa fito maka da su ba iyaka.

Mataki na biyar: kowane dutse da wurinsa

Giranit na ganuwar waje ne, musamman fuskar da ke shan harsashi. In babu shi, laimiston, bambancinsu maki 45 ne kacal, bai kai abin damuwa ba. Sanston na wanda yake cikin gaggawa ne: ƙarkonsa ya fi na silet da mabul, kuma ya fi saurin ginuwa. Idan ka ji a jikinka hari ya kusa kuma akwai ɓaraka a buɗe, sanston da ya tsaya yau ya fi giranit da zai tsaya jibi. Silet ka yi ɗakunan ciki da daɓe da shi. Mabul shi ne mafi rauni, amma yana ƙara wa ɗaki kyau, kuma kyawun ɗaki yana gyara ran mutanenka, saboda haka ka adana shi don ɗakin kwana, ɗakin cin abinci da gumakan ado. Zuba mabul a ganuwa asara biyu ce.

Lokacin sauya katako da dutse, kada ka fara da rushewa. Ka gina layin dutsen a wajen na katakon, ya kammala, sannan ka kwance na ciki. Idan katangar tana riƙe da rufi, ka tuna rufi ba ya tsayawa idan ya yi nisa da abin da ke tallafe shi fiye da gurbi 6. Ka kafa ginshiƙi tukuna, ko ka riƙa sauyawa gurbi-gurbi. Rufin da ya rufto yana raunata mutum, na tsauni kuwa kashewa yake yi.

Ƙasa ma tana da ta cewa. Taɓo da ruwa ba sa ɗaukar katangar dutse. A kan gadar katako za ka iya kafa katangar katako, amma ba ta dutse ba. Idan kogi ko fadama ya ratsa layinka, ko dai ka karkatar da ganuwar ta bi busasshiyar ƙasa, ko ka yarda cewa wannan yanki na katako ne, ka sa masa ido, ka raba shi da sauran gine-gine. Daga baya akwai famfon tsotse danshi da ke busar da ƙasa a hankali, amma ba ya busar da kogi mai gudu.

Mataki na shida: ka hana kanka yin ganuwa da ƙarfe

Jarabar tana da ƙarfi. Ƙarfe yana nan a zube tun ranar farko, ba ya buƙatar sassaƙa, yana ginuwa da sauri. Amma duba abin da kake saya: maki 300, ƙasa da mafi raunin dutse, kuma yana cin wuta. Sannan duba abin da kake bayarwa. Ganuwar nan mai gurbi 160 za ta ci ƙarfe 800. Ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta, in da ƙarfe aka yi jikinta, tana cin ƙarfe 100 da sassan inji 3. Wato ganuwar ƙarfe ɗaya ta cinye maka ƙarfen bindigogi takwas. Ban da janareta, da firji, da teburin ƙera makamai, da sulke, da sassan injin kansu, waɗanda duk ƙarfe suke jira, kuma babu ɗayansu da za a iya yi da dutse. Ƙarfen da ke saman taswira yana ƙarewa, dutse ba ya ƙarewa.

Wuri ɗaya na yarda da katangar ƙarfe: tsakiyar faɗa, an fasa maka gurbi biyu, kana son a toshe kafin rukuni na biyu ya iso. Nan sauri ya fi komai. Bayan faɗan ka mayar da shi dutse.

Mataki na bakwai: ƙofa daban take da katanga

Ƙofa tana cin kaya 25, kuma ta fi katanga rauni da nisa: ta katako 104, ta ƙarfe 160, ta giranit 272. Ita ce wurin da aka fi duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ganuwa ƙofa ce tsagar da kai da kanka ka bari. Don haka ka rage yawansu.

Matsalar ƙofar dutse nauyi. Saurin buɗewarta bai kai rabin na ƙarfe ba. Ka sa ido ka ga mai ɗauko itace ya iso gabanta ya tsaya cak yana jira, ga dabba mai farautar mutum a bayansa. Wannan 'yar tsayuwar tana iya zama ajalinsa. A ƙofar da ake bi kullum, kamar ta ɗakin girki ko ta asibiti, katako ya fi komai sauri, ƙarfe na biye. Ƙofar katako guda ɗaya a cikin katangar dutse ba babban haɗari ba ce, domin in ta ƙone wutar ba ta da inda za ta bi. A ganuwar waje kuwa, inda ba a yawan wucewa, ka sa ta dutse, ka kuma yi biyu a jere da ɗan zaure a tsakani, ta yadda in an karya ta farko akwai ta biyu. Idan lantarki ya wadata, ƙofa mai buɗe kanta tana rage wannan jinkiri sosai, sai dai tana cin ƙarfe da sassan inji, kuma in wuta ta ɗauke ta koma kamar sauran. Nan ne kuma filastil yake da amfani na gaske: ƙofa ɗaya ko biyu da aka fi bi a ganuwa, masu ƙarko da sauri a lokaci guda.

Mataki na takwas: mafakar maharba da tarkuna

Ganuwa a rufe ruf ba ita ce tsaro ba. Maharan da ba su ga hanya ba sai su fara dukan katanga ta inda suka ga dama. Gara ka bar musu hanya ɗaya a buɗe, doguwa, mai lanƙwasa, wadda za ta fito da su fili gaban bindigoginka. Bangon wannan hanya da dutse mafi ƙarfi za ka yi shi, domin harsashin mutanenka ma a kansa yake sauka.

Wajen mafaka, katanga ce ta fi: mutumin da ya laɓe a kusurwarta yana leƙowa yana harbi yana da kariya kashi 75. Buhunan yashi da shingen tsaro kowanne kashi 55. Buhun yashi da yadi ko fata ake yin sa, kuma ba ya cin wuta, don haka wuri ne mai kyau na kashe fatun da suka taru ba a ɗinka komai da su ba. Shinge kuwa ana yin sa da katako, dutse ko ƙarfe, kuma yana gadon halin kayansa, saboda haka ka yi shi da dutse. Tsarin da ya fi shi ne a jera gurbin katanga, gurbin buhu, gurbin katanga, kowane maharbi ya tsaya bayan katanga, buhun yana kare gefen da yake leƙowa.

Ka share filin da abokan gaba za su fito. Curin dutse ɗaya da aka manta a can yana ba mahari kariya kashi 50, kusan daidai da buhunka. Za ka ga ɗan fashi ya ruga ya durƙusa bayansa, mutum huɗu suna ta harbi harsashi yana bugun dutse. A kwashe curin, a sare itatuwan, a rushe duk wani guntun kango.

Tarkon tsini yana cin kaya 45, sau ɗaya yake aiki, kuma ba a kafa biyu manne da juna. A nan lissafin ya juye: ƙarfe ya fi dutse illa, dutse ya fi katako. Amma tunda kowane tarko zubarwa ne, ni na fi son na katako a farkon wasa idan daji yana kusa, domin yana da arha kuma ana mayar da shi da sauri. Na dutse yana jan lokaci ƙwarai wajen kafawa. Na ƙarfe sai ka adana shi ga gurabu biyu ko uku na ƙarshe, inda masu sulke suke isowa. Ka kuma bar wa mutanenka hanyarsu ta daban, ta ƙofa, kada su riƙa ratsa layin tarko.

Mataki na tara: filastil, yuraniyom da maganar dukiya

Mai ba da labarin da ka zaɓa, wato tsarin wasan da ke turo maka abubuwan da za su faru, Cassandra ce ko Phoebe ko Randy, yana auna girman harin da zai turo maka ne da dukiyarka da yawan mutanenka. Gine-gine suna shiga wannan lissafi da rabin darajarsu. Azurfa ce kuɗin wasan: bulon dutse ɗaya darajarsa ba ta kai azurfa 1 ba, filastil ɗaya azurfa 9 ne. Gurbin katangar filastil ya ninka na giranit sau goma a tsadar kaya, ƙarkonsa kuwa ko ninki biyu bai yi ba. Layi biyu na giranit sun ba ka maki 1020 a kan kaya masu darajar azurfa 9, layi ɗaya na filastil 840 a kan azurfa 45. Ninka dutse ya fi ta kowace fuska, har da riƙe zafi da sanyin ɗaki.

Ga shi kuma filastil yana da ayyukan da babu mai maye gurbinsa: sulke mai kyau, manyan sassan inji, gaɓoɓin roba, jirgin da za ka bar duniyar da shi. Yuraniyom ma ana buƙatarsa ga babbar bindigar da ke harba shi, kuma yana yin kulki mai illa. In sun yi maka yawa a ƙarshen wasa, ka sa su a 'yan wurare ƙalilan da ba za a iya ninkawa ba: ƙofofi, gurabun da maharba suke laɓewa, da jikin ƙananan bindigogi masu sarrafa kansu. Waɗannan bindigogi sukan fashe idan sun sha duka, don haka ka raba su da juna da gurbin katangar dutse, kada kuma ka tsayar da mutum dab da su.

Mataki na goma: maharan da ba sa bin hanya

Akwai masu haƙa, waɗanda ke kauce wa bindigoginka su huda katanga ko tsauni. Akwai masu fasa ganuwa, waɗanda aka ƙara a wasan a 2021, ƙabilu da gatarin fasa gini, 'yan fashi da gurneti, injinan yaƙi da wata na'ura da aka ƙera don rusa bango. Akwai masu yin ƙawanya su kafa igwa daga nesa, da masu faɗowa daga sama tsakiyar gari. Babu kayan ginin da zai tsayar da waɗannan. Abin da kauri yake saya maka shi ne lokaci, ka tara mutane, su sa sulke, su isa wurin. Saboda haka ka yi ɗakunan ciki su ma da dutse, ka bar lunguna masu kusurwa da za a iya laɓewa, ka ajiye 'yan buhunan yashi a tsakar gari.

Tsauni shi ne katanga mafi arha. Dutsen giranit na asali yana da maki 900, ya fi filastil, kuma ba ka biya komai ba. Idan ka haƙa ɗaki a ciki, kada ka fasa bangon ka sake gina shi da bulo, ka sa a goge shi kawai ya yi santsi. Rufin tsauni mai kauri yana tare harsashin igwa da masu faɗowa daga sama, abin da rufin da ka gina ba ya yi. Kuɗinsa shi ne manyan ƙwari, waɗanda ke ɓullowa daga ƙasa a irin wannan wuri. Mai zama a tsauni ya yi lunguna matsattsu da ƙofofi, inda mutum uku masu sulke za su tare bakin hanya ƙwarin su riƙa zuwa ɗaya-ɗaya.

Mataki na sha ɗaya: kula da abin da ka gina

Gyaran katanga ba ya cin kaya, aiki kawai yake ci, muddin ba ta rushe gaba ɗaya ba. Amma mutanenka ba sa gyara ko kashe wuta sai a cikin yankin da aka shata a matsayin gida. Bayan ka gama ganuwa ka buɗe wannan shata ka tabbatar ta rufe dukkan layin da gurbi biyu ko uku a wajensa. Ka kunna umarnin sake gina abin da ya rushe, ka kuma riƙe bulo kamar 100 a kusa da mashigar, kada magini ya tafi ƙarshen gari neman guda biyar.

Katangar dutse ba ta ƙonewa, amma abin da ke bayanta yana ƙonewa, kuma ɗakin dutse mai rufi yana riƙe zafi. Gadon katako da daɓen katako suka kama a ciki, zafin yana hawa har ya kashe wanda ya shiga kashe wutar. Idan haka ta faru, ka buɗe ƙofa a bar ta a buɗe, ko ka sa a fasa gurbi ɗaya na bangon waje zafin ya fita. A ma'ajiya da ɗakin batir ka kafa tukunyar kumfar kashe wuta da zarar ka bincika ta. A wajen ganuwa kuma ka shimfiɗa daɓen da ba ya cin wuta, faɗin gurbi biyu ko uku, domin ciyawa ba ta tsirowa a kansa. Kankare yana cin ƙarfe 1 a gurbi, shimfiɗar dutse bulo 4, kuma nan ne silet da ragowar bulon da ba su isa katanga ba za su yi maka amfani. Ka fara da gefen da ke fuskantar daji da gefen gonaki, sauran su biyo baya yadda bulo ya samu.